Mangwaro ko darbejiya, wanne za a dasa a tsakar gida?

Ƙanina ne ya tare a sabon gida bara, irin unguwannin nan na bayan gari da ake yanka fili a sayar, ko'ina ka duba bulo ne da kwano, babu ko kara ɗaya a tsaye balle bishiya. Da zafin Afrilu ya shigo sai tsakar gidan ta koma kaskon tuya, simintin nan har goman dare yana huci, shi ne fa suka ce dole a dasa wani abu da damina. To a nan aka samu saɓani, shi darbejiya yake so wai ba ta da wahala, amaryar kuma tace ita fa mangwaro, tunda dai kullum ita za ta riƙa shara gara ta share ganyen abin da za ta sha. Suka kira ni raba gardama, ba don na yi karatun gona ba, sai don ina da mangwaro a gidana kuma na taɓa sare darbejiya da kuɗina ina ji ina gani. Abin da na faɗa musu shi zan faɗa a nan, sai dai na ɗan ƙara tsawo.

Mu fara da inuwa tunda ita ce ta kawo maganar. In sauri kake yi darbejiya ta yi wa mangwaro fintinkau, wanda ya dasa ta da damina ya kula da ita a ranin farko, shekara uku zuwa huɗu zai iya shimfiɗa tabarma a gindinta. Mangwaro a wannan lokacin bai fi tsayin mutum da rabi ba, inuwar da za ta ɗauki mutum biyar sai ka ba shi shekara shida ko bakwai. Amma fa in ya girma inuwarsa daban ce, duhu ce sosai mai sanyi, rana ba ta ratsa ta, sai dai da damina ƙasansa ba ya bushewa da wuri kuma sauro na son maƙalewa a ciki, ko ciyawa ba ta fitowa a gindinsa. Ta darbejiya sakayau take, iska na wucewa, kuma abin da nake so da ita shi ne a ƙarshen hunturu take zubar da tsohon ganye, zafi na kankama ta riga ta yi sabo shar, daidai lokacin da ake neman ta. Ba banza ba ta cika titunan Maiduguri, ta Borno ta fara shigowa Najeriya a 1928, asalinta kuma daga Indiya ne da ƙasar Bama, wato Myanmar, amma yanzu wa zai ce baƙuwa ce, wasu su ce dogon yaro wasu maina wasu bedi. Alhazai ma sun san ta, ita ce ake fakewa a ƙarƙashinta a filin Arfa.

Sai ruwa, kuma wallahi a nan ne yawancin mutane suke yaudarar kansu. Darbejiya ranin farko kawai take buƙatarka, jarka ɗaya duk bayan kwana uku ko huɗu, in ta ga damina ta biyu shi kenan ta kama gabanta, tana rayuwa a inda ruwan shekara bai wuce milimita 400 ba. Shi kuwa mangwaro rani biyu zuwa uku zaka yi kana ban ruwa ba fashi, kuma a Maris da Afrilu in ka yi tafiyar sati biyu babu mai zuba masa zaka dawo ka tarar da sanda. Don haka ka tambayi kanka tsakani da Allah, ruwan gidanka daga ina yake zuwa. In kana da rijiya ko bohol to ba matsala. In kuwa ɗan garuwa kake jira ya turo kura kullum, ka lissafa jarka uku a sati sau wata bakwai sau shekara uku kafin ka ga ƙwallo ɗaya. Gari ma yana da nasa, a Zariya da Kaduna inda ruwan shekara ke kai milimita 1000 ko fiye mangwaro kusan da kansa yake tashi, amma in ka haura Sakkwato ko arewacin Katsina ko Maraɗi da Damagaram ka lura da inda manyan mangwarori suke, a fadama ne da garka da bakin gulbi, wato inda saiwa za ta taɓa ruwan ƙasa. Hanya mafi sauƙi ka zaga unguwarku da ƙafa, in ba ka ga tsohon mangwaro ko ɗaya mai lafiya ba to akwai dalili, ba wai mutanen ba sa son mangwaro ba ne.

Dabara biyu da suka taimake ni: na dasa nawa kusa da inda ake alwala, duk ruwan da aka zubar gindinsa yake gangarawa, sannan na binne tsohon tulu mai ɗan tsagu a gefensa iya wuya, a cika shi a rufe bakin, a hankali yake tsatsafowa ƙasa ta sha. Ruwan wanki mai omo da bilic dai kar a mayar da shi abincinsa, gefen ganyen zai fara ƙonewa. Kuma in ya girma ya fara haihuwa a daina ban ruwa daga ɗaukewar damina har ya yi fure da hunturu, wannan ƙishin shi ke sa shi fure, in ka cika shi da ruwa ganye kawai zai yi ta yi maka.

Yanzu ga inda darbejiya ta ɓata min rai. Da na gina gidana na dasa ta a ciki, taku uku tsakaninta da sokawe, don a lokacin ina ganinta 'yar ƙarama a leda ban kawo komai ba. Shekara bakwai muna shan inuwa muna yabonta, sai banɗaki ya fara ƙin tafiya, a zuba ruwa ya tsaya, a sake zubawa ya dawo. Da mai gyara ya fasa wajen mahaɗar bututun abin da ya jawo kamar an cusa tsintsiya uku a ciki, saiwoyi ne sirara farare sun dunƙule sun toshe ko'ina, tsawonsu ya kai hannu biyu, ga kuma tsagu ya bi katangar wajen tun daga ƙasa har kusan sama wanda da nake ɗora wa magini laifinsa. Yace min ita saiwa ba ta fasa bututu mai lafiya, inda ya ɗan yi yoyo take bi, nace to ai dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biya mai gyara, na biya masu sara, na biya magini, kuma kututturen bai haƙura ba, sau uku yana tofowa ina sarewa kafin muka tone shi gaba ɗaya. Darbejiya ba ta mutuwa da sara, wannan alheri ne in itacen girki ko sandar rumfa kake so, masifa ce in so kake ka rabu da ita.

Kar wannan ya sa a ɗauka mangwaro waliyyi ne, shi ma babba yana ɗaga siminti da intalok, kuma rassansa suna kwantawa kan kwano. Ni ma'aunina shi ne darbejiya ta yi nesa da gini da sokawe da rijiya aƙalla mita 6, in da hali 8, babban mangwaro irin na ƙwallo shi ma mita 8 zuwa 10. To ɗauki filin hamsin da hamsin, kowane gefe bai fi mita 15 ba, ka ɗora ɗaki uku da falo da kicin, abin da zai rage maka tsakar gida da ƙyar ya kai mita 5. Kaga ke nan a irin wannan gidan babu ɗayansu da zai zauna a ciki lafiya, sai dai ƙaramin iri, zan zo kansa. Wani abin da da ba a lissafa shi yanzu kuma dole, sola. In ka ɗora fanel a rufi ko kana da niyya, ka duba inda inuwar za ta faɗa nan da shekara biyar, reshe ɗaya ya rufe gefen fanel ya isa ya rage maka caji, haka wayar wuta in ta bi ta ƙofar gida.

Shara kuma a tambayi mai yin ta, ba maigida ba. Ganyen darbejiya ƙanana ne, suna shiga indararo da kwata da duk wani lungu, in suka faɗa randa ko rijiya buɗaɗɗiya ruwan ya yi ɗaci. In 'ya'yan suka nuna suka yi ruwan ɗorawa sai jemagu su mayar da wajen gidan biki, da safe ka tarar da ƙwallaye da kashinsu a kan mota da shanya, da damina kuma duk inda ƙwallo ya faɗi sai ya tsiro, har cikin tukunyar fulawa. Ganyen mangwaro manya ne tsintsiya ɗaya ta kwashe su, sai dai ba sa ruɓewa da wuri in taki kake so ka haɗa. Nasa ɓacin ran na wata biyu ne, lokacin da 'ya'ya ke faɗowa suna fashewa ƙuda na bi.

Ta wajen ƙwari babu haɗi ko kaɗan. Darbejiya kusan babu abin da ke damunta, ko gara ba ta cika son ta ba. Mangwaro kuwa kowa na son sa. Tun yana ƙarami gara ce abokiyar gabarsa, musamman in ka zuba masa ɗanyen kashin shanu ko ka tara busassun kara a jikin gindin, za ta yi gini ta bi jikinsa ta cinye ɓawon, kafin ka farga ya bushe a tsaye. Ruɓaɓɓen taki kawai ake sa masa, a riƙa barbaɗa toka a kewaye, duk ginin gara da ka gani a jikinsa ka kankare a ranar. In ya girma sai farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke manne a bayan ganye, yana tsotsar ruwan bishiyar yana fitar da wani abu mai danƙo kamar zuma, a kan danƙon ne baƙin nan kamar kunkunniya ke fitowa ya rufe ganyen, har dandaɓen ƙasa sai ya riƙa kama takalmi. Daga Asiya ya shigo ta Togo da Gana a farkon shekarun 1980, ya yi ɓarna sosai kafin cibiyar binciken noma ta IITA da abokan aikinta su saki wasu mitsi-mitsin zanzaro masu kashe shi, ya ragu amma bai ƙare ba. Sai ƙudan mangwaro, wanda shi ne yake sa ka yanka mangwaro lafiyayye a ido ka tarar da tsutsa a ciki. Mugun irin an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Macen ce ke huda fatar ta saka ƙwai, ɗan ya faɗo ƙasa, tsutsar ta fita ta shige ƙasa ta rikiɗe ta dawo ƙuda, haka abin ke ta juyawa. Maganinsa na gida ba feshi ba ne, tsintuwa ce: kullum a tsince duk wanda ya faɗo a zuba a baƙar leda a ɗaure tam a bar ta a rana kwana biyu uku su dahu a ciki. Kuma ƙudan ya fi yawa in ruwa ya fara sauka, shi ya sa irin da ke nuna da wuri a Maris da Afrilu ya fi tsira, mai jinkiri irin Keitt shi ke shan wahala. Akwai kuma kauci da tsuntsaye ke kawowa, da ka gan shi a reshe ka sare reshen daga ƙasan inda ya kama.

Babban ƙwaron mangwaro dai wanda babu maganinsa a kasuwa shi ne yaran unguwa. In reshe ya leƙa waje to daga fure har ƙarshen kaka kwanonka ganga ne, jifa tun daga tashin makarantar boko har magariba, ni gilashin taga biyu na canza. Wannan kaɗai ya isa hujja kar a dasa mangwaro a ƙofar gida ko jikin katangar titi.

Abin dariyar shi ne maganin ƙwarin mangwaro a jikin darbejiya yake. Ka tsinci 'ya'yanta nunannu ka wanke ka shanya a inuwa, ka fasa ka ciro ƙwayar ciki ka daka, rabin kilo a bokitin lita 10, ya kwana a jiƙe, da safe ka tace da ƙyalle ka narka ɗan sabulun wanki kaɗan a ciki don ya kama ganye, sai ka fesa da yamma saboda rana na kashe ƙarfinsa, kuma ka fi ba bayan ganyen muhimmanci. Ba ya kashewa nan take irin yadda mutanenmu ke so su ga ƙwaro ya faɗo, hana shi ci yake yi da girma, sai ka maimaita duk sati kamar sau uku, kuma ba a ajiye shi, ranar da aka tace ranar ake amfani da shi. Don Allah a daina fesa fiya-fiya a kan abin da yara za su tsinka su kai baki ba wanki. Amma fa duk wannan feshin a bishiyar da hannunka ke kaiwa ne, mangwaron da ya wuce rufin bene ba abin da zaka iya yi masa da 'yar famfon feshinka.

Shi ya kawo mu maganar iri. In ka shuka ƙwallon da ka sha zaka jira shekara shida ko bakwai, bishiyar ta zama ƙatuwa, kuma ba lallai ta haifi irin wanda ka sha ba. Mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan ƙaramin dashe, shekara uku zuwa huɗu ya fara ba ka, kuma abin da aka ɗaura shi zai fito. Masu sayar da dashe a bakin titi za su kira maka sunaye, Binta Suga, Ɗan Kamaru, Paparanda, Pita, duk suna da daɗi amma duk bishiyoyi ne masu son fili, na ƙaramin gida shi ne Juli, gajere ne ba ya saurin girma, da ɗan aski duk shekara bayan an gama cire 'ya'ya zaka riƙe shi a mita 3 zuwa 4, kuma mita 4 ko 5 daga gini ta ishe shi. Sai dai ka sani inuwarsa ta mutum biyu ce da buta, ba ta taron suna ba. Wajen saye ka duƙa ka duba tabon auren da idonka, wajen da aka haɗa sandunan biyu yana nan kamar gwiwa, in babu to na ƙwallo ne ko me mai sayarwa zai rantse. Ka ɗaga ledar, in saiwa ta huda ta kama ƙasa an tsinke ta ka bar shi. Rami ƙafa biyu faɗi ƙafa biyu zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a dasa in ruwa ya zauna wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, tabon auren ya zauna sama da ƙasa kar a binne shi, duk tofon da ya fito ƙasa da tabon a murje shi don na uwar ne ba na amaryar ba.

Akwai na ukun da ba su sa a gardamar ba ni na sa shi, zogale. Ba bishiyar inuwa ba ce kam, amma ko wanne ka zaɓa shi ka ƙara da shi, saiwarsa ba ta da ƙarfin fasa gini, sanda kawai zaka yanko ka kafa ta kama, wata uku ka fara tsinkar ganye ana kwaɗo da ƙuli. Sirrinsa a riƙa sare kansa daidai ƙirji don ya yi rassa, in ka bar shi zai miƙe ya wuce katanga ganyen ya fi ƙarfin hannu, iskar farkon damina kuma ta karya shi don itacensa ba ƙwari. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma akwai wata 'yar tsutsa da ke yi masa tas cikin kwana kaɗan, ruwan darbejiyar nan yana maganinta. Lemun tsami ma yana zama a ƙaramin gida in akwai ruwa. Turare dai da cediya da durumi ko da wasa kar a sa su cikin gida, waɗannan na fili ne da ƙofar fada, tsamiya kuwa ko ka dasa tsofaffin gidan ba za su bari ta kwana ba, kowa ya san dalili.

To ga yadda nake yanke hukuncin. Mai ƙaramin fili kuma mai sayen ruwa, darbejiya a waje can gaban ƙofar gida nesa da katanga gwargwadon yadda layin ya ba da dama, bayan an yi magana da maƙwabci don ganyen har gidansa zai je, ciki kuma zogale. Mai ƙaramin fili da ke da rijiya ko bohol, haka ɗin dai amma ya ƙara da Juli a lungun da ya fi nisa da sokawe. Mai fili ɗari da ɗari ko fiye da ruwa a hannu, shi ne zai dasa babban mangwaron aure a tsakiya ya more, kuma a nan ina bayan amarya ɗari bisa ɗari, don inuwar da za ta ba ka buhun mangwaro duk shekara ta fi wadda za ta ba ka jemagu. Wanda kuma ba mazauni ba ne, yau yana Legas gobe yana Abuja gidan a hannun mai gadi, kar ya wahalar da mangwaro, darbejiya ce tasa. Ɗan haya ya tsaya a zogale.

Su ƙanin nawa filinsu hamsin da saba'in da biyar ne kuma suna da rijiya, sai aka yi biyu a waje ɗaya a ciki, darbejiya biyu a ƙofar gida, Juli kusa da wajen alwala, zogale huɗu a jikin katangar baya. Ɗaya daga cikin darbejiyoyin ko sati ba ta yi ba awakin unguwa suka gwaigwaye ta har ƙasa, duk ɗacin nan bai hana su ba, sai da aka sake sayo wata aka zagaye su da bulo aka ɗora ƙaya a sama. Julin kuma da hunturun nan ya yi fure, abin da ko ƙugu bai kai ba, nace musu su tsinke furen duka shekarar farko da ta biyu don ya samu ya yi jiki, in ya ɗauki 'ya'ya yanzu tsumburewa zai yi. Ƙanina ya yarda, amarya tace yaya sai dai a bar mata ko guda biyu ta ga kalarsu, da na koma wancan satin na ƙirga biyar, har ta ɗaura wa kowanne takarda saboda ƙuda.